Daga famfas zuwa ƙunzugun wankewa: littafin jinyar Inna

Asabar, 19 ga Yuli, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda lissafi ya fara fin ƙarfin kaina. Yau na sayo fakitin famfas na manya a wani kemis a Tudun Wada, nan Zariya, naira 9,500, guda 10 ne a ciki. Inna tana cin uku a rana in an yi tsimi, wato fakiti tara a wata, naira 85,500. In na haɗa albashina na koyarwa da abin da ƙanena yake turowa daga Kaduna, na cire wannan, na cire maganin hawan jini da kuɗin mota zuwa gashin jiki a asibitin koyarwa na Shika, abin da ya rage ba ya kai mu ashirin ga wata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, kayan kemis suka tashi ba su sake saukowa ba.

Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Alhamdu lillahi magana ta dawo, tana zama, tana cin abinci da hannun dama, bayan gida ma tana riƙewa har a kawo fo. Fitsari ne ya ƙi. In ya taso mata, kafin ta kira, kafin a ɗaga ta, ya riga ya zubo.

Tsimin da na ce, ga ma'anarsa: nakan bar mata guda ɗaya tun hantsi har magariba. Matsematsinta ya yi ja, wani wuri ya fara saɓulewa. Ni na jawo, kuma ina sane.

Ga kuma shara. Gidanmu a cikin Birni yake, lungu ne, motar shara ba ta shigowa. Almajirin da ke kwashe mana yakan kai bola, amma in aka yi ruwa sai ka ga famfas ya kumbura a kwata kamar mushe, garin da ke cikinsa ya zama kamar kamu, kaji suna tona. Na gwada ƙonawa sau biyu, jiƙaƙƙen abu ba ya ci, hayaƙi kawai yake yi mai shiga maƙogwaro.

Juma'a za mu yi hutun ƙarshen shekara. Na ƙudura zan yi amfani da hutun in gwada na wankewa, irin yadda ita ma ta raine mu da nafkin da fin.

Litinin, 28 ga Yuli

Kasuwar Sabon Gari, layin 'yan gwanjo. Na zaɓi manyan tawul takwas na auduga zalla, ɗaya naira 1,500. Na bi su ina murzawa da hannu, duk wanda ya yi santsi kamar roba na ajiye, don irinsa ba ya shan ruwa. Yadin filanel huɗu, 8,000. Bokiti mai murfi biyu, 6,000, safar hannu ta roba 1,500. Na kuma sayi yadi biyu na leda mai kauri, irin wadda ake shimfiɗawa a gadon asibiti, 4,000, da niyyar a ɗinka wando da ita a sa tawul a ciki.

Telar da na kai wa maƙwabciyarmu ce, Maman 'yan biyu. Na zaɓe ta don bakinta yana da murfi. Na kai mata famfas ɗaya sabo, muka shimfiɗa shi a kan takardar siminti muka zana siffarsa. Wando biyu na gwaji, 3,000.

Alhamis, 31 ga Yuli

Faɗa wa Inna ya fi zuwa kasuwa wuya. Ni ce 'yarta ta fari, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai «ke» ko «'yar nan». Macen da ke jin nauyin ambaton sunanka, kai ne kuma kake kwance mata zane sau uku a rana. Duk lokacin da nake canza mata, bango take kallo.

Na durƙusa gefen gado na ce, «Inna, na sa an ɗinka miki wani abu, za mu gwada. In bai yi miki ba mu bari.» Ta shafa tawul ɗin da hannun dama, ta daɗe, sannan ta ce, «Wa zai wanke?» Na ce ni. Ta ce, «Allah Ya yi miki albarka,» ta mai da fuska bango.

Gwajin bai yi ba. Da ƙarfe goma na sa mata, kafin azahar gumi ya jiƙe ta daga ƙugu zuwa cinya, ba ma fitsari ba. Ledar ba ta barin iska ko kaɗan, kuma duk motsin da ta yi sai ta yi ƙara, ƙaras ƙaras, har 'yar ƙanwata da ke tsakar gida tana ji. Da fitsarin ya zo kuma, bai shiga tawul ɗin ba, ya bi ta kai ya gangara gefe ya fita ta ƙafar wandon. Zane, zanen gado, har katifa. Na cire mata, na goge ta da ruwan ɗumi, na mayar da famfas. Ba ta ce komai ba. Naira 7,000 ta tafi, araha ba ta ado. Ledar dai na farke ta, za ta yi shimfiɗa a ƙarƙashin zanen gado.

Asabar, 2 ga Agusta

Na daina gwaji a jikin Inna. Yanzu a baho nake yi. Mafitsarar babban mutum takan ɗauki kamar rabin lita in ta cika, kusan leda ɗaya ta fiya wata ke nan. Sai na riƙa huda ledar ina zubawa a kan kowane ƙyalle ina kallo.

Filanel sabo, ruwan ya tsaya a kansa dunƙule-dunƙule kamar a kan ganyen gwaza. Sabon yadin auduga yana zuwa da sitaci da maiƙon masana'anta, sai an wanke shi sau da yawa yake buɗe baki. Na wanke shi sau huɗu da ruwan zafi, ya fara sha nan take. Tawul ɗin gwanjo ma da nake ganin tsoho ne, akwai turaren laushin kaya da aka wanke shi da shi a can inda ya fito, shi ya sa ya ƙi sha ranar Alhamis. Wanki biyu ya gyara shi. Tawul ninki huɗu da filanel a sama ya shanye leda guda, amma da na danna da tafin hannu sai ruwa ya fito. Nan famfas ya fi shi: garin da ke cikinsa yana daskarar da ruwa, ko an zauna a kai ba ya dawowa. Auduga kuwa riƙewa kawai take yi, in an matsa ta saki. Ke nan dole a riƙa canzawa da wuri, kuma dole a sami abin da zai raba fata da jiƙaƙƙen tawul.

Wata nas da muke Islamiyya tare ta ba ni dabaru biyu. Na farko, bargon jarirai mai laushin nan na roba-roba, a yanka shi falle-falle a ɗora a sama: ba ya riƙe ruwa, wucewa yake ta cikinsa, sai fata ta zauna a bushe. Na biyu, yadin da ake kira PUL, wanda ake yi wa yara famfas na wankewa da shi. Yadi ne da aka manna wa siririyar roba a baya, ruwa ba ya ratsa shi amma tururin jiki yana fita. Na zaga ban samu a Zariya ba. Na yi oda ta waya daga Legas, yadi uku, 27,000, kuɗin mota 4,000.

Laraba, 6 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Na sayo bargo biyu a gwanjo, 5,000. Na tari ruwan sama duro biyu. Kaya ba su iso ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Jiya na karɓo saƙon a tashar mota ta Kwangila. Maman 'yan biyu ta kwana a kan keke. Wando biyar ta fitar, masu buɗewa ta gefe biyu da maɓallin dannawa, don a iya sa wa Inna tana kwance: a juya ta gefe, a shimfiɗa, a juyo ta, a ɓalle. Ta sa roba mai laushi a ƙugu da cinya. Na roƙe ta kada ta yi ɗinki a tsakiya, domin kowace hudar allura ƙofa ce. Ta kuma haɗa ƙunzugu goma sha biyu, kowanne tawul ninki huɗu da filanel biyu, ta bi su da ɗinki suka zama kamar ƙaramin matashi. Ragowar yadin ya yi shimfiɗar gado ɗaya. Roba da maɓalli 3,500, ɗinki 15,000.

Yau Inna ta wuni da shi. Canji huɗu, babu yoyo ko ɗaya. Ba ya ƙara. Da na ɓalle mata na farko ta taɓa ƙugunta ta ce, «Wannan ai wando ne.»

Juma'a, 15 ga Agusta

Marka ta kama, kwana huɗu rana ba ta fito ta tsaya ba. Ƙunzugun nan masu kauri sun ƙi bushewa. Bayansu ya bushe, cikinsu danshi, kwana biyu a igiya. Na farke ɗaya don in gani, sai ga ɗigo-ɗigon fumfuna baƙi a tsakiya. Jikina ya yi sanyi, don jiya na sa mata ɗan'uwansa.

Kuskuren ɗinke su wuri ɗaya ne, kuma ni na ce a yi haka. Iyayenmu da suke amfani da nafkin falle ɗaya mai faɗi suna ninkewa, sun san abin da suke yi. Na zauna da reza ni da 'yar ƙanwata muka warware duka goma sha biyun. Uku mun zubar. Sauran yanzu falle-falle suke, a ninke lokacin sawa, a ware lokacin shanya. A rumfa ma suna bushewa cikin wuni ɗaya, in ya rage danshi in bi da dutsen guga na gawayi. Tawul kawai, ban da wandon.

Sai zarni. Da farko ina jiƙa su a bokiti da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun dare har safe. Da na buɗe murfin, warin sai ya doki idona har hawaye. Fitsari in ya kwana, ƙwayoyin cuta suna juya shi ya koma sinadarin amoniya, shi ne zarnin, shi ne kuma yake cin fata. Tsarin da na koma: da na cire, in ɗauraye da ruwan sanyi har sau biyu a makewayi, in matse, in rataya a bakin bokiti ya sha iska. Da safe in haɗa na jiya duka in wanke da omo da ruwa mai zafin da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, in ɗauraye sau uku har kumfa ta ƙare. Ragowar omo a jikin tawul ma yana riƙe wari. Wajen minti arba'in yake ci mini, da jarka biyu ta ruwa.

Talata, 19 ga Agusta

Daren Lahadi Inna ta tashi da zazzaɓi, tana kiran sunan yayarta da ta rasu tun ina ƙarama, tana cewa a buɗe mata ƙofa. Ban taɓa ganin ta rikice haka ba. Na ɗauka ciwon ne ya sake bugunta. Da asuba muka tafi asibiti. Aka yi gwajin jini da na fitsari, maleriya babu, ciwon mafitsara ne. Likita ya ce a tsofaffi yakan zo da ruɗewa irin wannan. Tun a mota nake zargin ƙunzugun mai fumfuna, na kuma faɗa masa komai ban ɓoye ba. Ya ce in kula da tsafta da canji a kan lokaci, gogewa kuma daga gaba zuwa baya. Sannan ya ɗaga kwalbar fitsarin, ja kamar shayin da ba madara, ya tambaye ni, «Ruwa nawa take sha a rana?»

Na buɗe baki na rasa amsa. Kullum ina ajiye mata kofi a gefen gado, kullum ina samunsa babu komai.

'Yar ƙanwata ce ta faɗa mini a baranda, tana kuka. Wai Inna takan ba ta kofin ta ce ta zuba wa tukunyar na'a-na'a, kada ta gaya mini. Tun watan azumi take haka. Ta ji ni a waya ina faɗa wa ƙanena kuɗin fakiti, daga ranar ta ƙayyade wa kanta kurɓa uku bayan abinci. Da muka koma na wankewa kuma sai ta ƙara ragewa, don tana jiyo ni da asuba ina wanki.

Wata biyar tana zaune da ƙishi a ɗakin da nake kwana.

Likita ya yi bayani a gabanta, na ji daɗin haka. Ya ce rage ruwa ba ya hana yoyo, fitsari mai kauri ma ya fi tsokanar mafitsara, ga haɗarin ciwo, ga taurin bayan gida wanda shi ma yana danne mafitsara. Ta sha sosai da safe da rana, a sassauta bayan magariba. Ya duba magungunanta, ya ga ɗaya daga cikin na hawan jini mai sa fitsari ne, ina ba ta da dare. Ya mayar da shi safe. Ya ce a rage goro da shayi, musamman da yamma, domin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ƙara fitsari. Inna kuwa ba ta rabuwa da ɓarin goro a bakin zane. Ya kuma ce kada mu jira sai ta kira, mu riƙa ɗora ta a fo duk bayan awa biyu zuwa uku.

Da muka dawo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce, «Inna, don Allah ki sha ruwa. Tawul ne, ba ya ƙarewa. Ko sau goma ne zan wanke.» Ta ce, «Hannunki fa?» Ashe ta lura da yadda ya tsattsage. Na ce zan riƙa sa safar. Ta karɓi kofin ta shanye a gabana.

Asibiti da magani, 21,000. Ban sa shi a lissafin ɗinki ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Zazzaɓi ya sauka, hankalinta ya dawo. Kwanakin nan famfas na mayar da ita har ta gama magani. Na ba mai walda aikin kujera mai rami da hannuwa biyu, fo a ƙasa, 18,000. Na sami gora mai lita ɗaya da rabi, ina cikawa da safe, ni nake ba ta da hannuna.

Laraba, 27 ga Agusta

Mun koma ƙunzugu da rana. Zaman kujera na ɗaura shi da lokutan salla don kada in manta: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, lisha. Jiya sau huɗu ta yi a fo, ƙunzugu biyu kawai aka jiƙa.

Gwaggo ta zo dubiya daga Tudun Jukun, ta tarar da shanya a tsakar gida. Ta tsaya tana kallo, sannan ta shiga ɗaki ta ce da ƙarfi, «Ashe yoyon fitsari ne ya kama ki ba a faɗa mana ba?» Na ga fuskar Inna ta canza. Na bi Gwaggo zaure da za ta tafi na yi mata bayani cikin ladabi. Abin da mutane suke kira yoyon fitsari huda ce da doguwar naƙuda take yi tsakanin mafitsara da farji, fitsari yana zuba dare da rana, kuma ana ɗinke ta, a nan Zariya ma ana yin aikin a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Na Inna daga ƙwaƙwalwa yake, saƙon «riƙe» ne ba ya isa da wuri tun da jiki ya shanye. Kuma da wannan da wancan duk lalura ce, babu na jin kunya a ciki. Mata nawa ne a unguwar nan in suka yi tari ko atishawa sai ya ɗiga, tun haihuwar fari, suna cusa tsumma suna shiru har tsufa.

Duk da haka laifina ne da na shanya a idon baƙi. Sirrin Inna ne, ba nawa ba. Na ɗaura sabuwar igiya a bayan ɗaki, wajen da rana take bugawa da hantsi.

Na kuma tambayi malamarmu game da salla, don Inna ta daɗe tana cewa ba ta san ko sallarta tana karɓuwa ba. Ta ce malamai suna kiran wannan salisul bauli. A Malikiyya, in ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala, sai dai an so a sabunta ta a kowace salla, kuma an yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufa na irin wannan lalura. Na kawo malamar har ɗaki ta faɗa mata da bakinta. Yanzu kafin kowace salla ina sa mata busasshe, in taimaka mata da alwala, ta yi a zaune.

Talata, 2 ga Satumba

Asara biyu a mako ɗaya.

Na je karɓo magani, 'yar ƙanwata ta ce za ta taya ni wanki. Ta tafasa ruwa ta juye a kan komai, har da wanduna biyu, ta ƙara da bilic don su yi fari. Da suka bushe, robar bayan yadin ta tattare tana ɓarewa kamar fatar albasa. Ta zo tana rawar murya, «Anti, na ɓata.» Ban yi mata faɗa ba, ban taɓa gaya mata ba ne. Yanzu na rubuta a kwali na manna a makewayi: wando, ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, ba bilic, ba guga, ba tafasasshen ruwa, a shanya a inuwa. Saura uku. In ba a ɓata wando ba, goge cikinsa nake yi in canza ƙunzugu kawai, don haka ukun suna zagayawa da ƙyar.

Ta biyun, falle-fallen bargon sun fara tirjiya, fitsari yana zamewa ta kansu. Na daɗe ina nema kafin na gano man kaɗanya da basilin da nake lafta mata ne suka toshe su. Na wanke su da sabulun wanke-wanke da ruwan zafi sun dawo. Na koma man zinc na kemis, shafa kaɗan, a inda ya yi ja kawai. Jan ma ya kusa ɓacewa, inda ya saɓule ya rufe. Bayan la'asar nakan bar ta rabin awa ba komai a jiki sai zane, a kan shimfiɗa, fata ta sha iska.

Lahadi, 7 ga Satumba

Dare uku na gwada ƙunzugu da dare, dare uku na canza zanen gado da ƙarfe uku. A gefe take kwana, cinyar hagu kuma ta rame ta fi ta dama, sai rata ta buɗe. Na ƙara tawul, kaurin ya ɗaga wandon, ratar ta ƙaru. Tashinta sau biyu cikin dare kuma yana hana ta barci, ta wuni a gajiye, gashi ma ba ta iya yi da kyau. Na haƙura. Dare na famfas ne, ɗaya tak, kuma ba na jin na gaza. Barcinta ya fi naira 950.

Litinin, 15 ga Satumba

An koma makaranta. Wanki kafin asuba, shanya kafin in fita. Na ninke ƙunzugu huɗu na jera a kwando, kowanne da bargonsa a sama. 'Yar ƙanwata tana karatun yamma, ita ke riƙe safiya. Abin da na lura, Inna ta fi sakewa da ita. Jika ce, suna tsokanar juna, har dariya nake tararwa. A gabana ne take kallon bango.

Talata, 30 ga Satumba

Lissafi. Abin da na kashe sau ɗaya, har da ledar da ba ta yi ba da kujera: 107,000.

Na wannan wata: famfas fakiti huɗu, na dare da na ranakun zuwa Shika, 38,000. Omo da sabulu 6,000. Gawayin dafa ruwa 7,000. Ruwan 'yan ga-ruwa 4,000, saboda sama ta taimaka. Man zinc 3,000. Jimla 58,000, a maimakon 85,500. Ragin 27,500 ne. Da rani in jarka biyu ta koma ta saye kullum a 150, ruwa kaɗai zai kai 9,000, ragin ya dawo 22,500. Ke nan sai wajen Janairu ko Fabrairu kuɗin ɗinki zai fita.

Na tura wa ƙanena. Ya kira ya ce, «Yaya, na ɗauka zai fi haka.» Ni ma na ɗauka. Duk wanda ya ce maka na wankewa kyauta ne, ba shi ke wankin ba. Da Inna ba ta riƙe bayan gida, ko da ba ni da mai taya ni, ko da ruwa ya fi haka wuya, ban tabbata zan iya ba, kuma ba zan ga laifin wadda ta zauna a kan famfas ba. Abin da ya sa ni ba zan koma ba, yanzu da ya jiƙe nake cirewa, ba na duba agogo ina lissafin naira. Buhun sharar da almajiri yake ɗauka ma ya koma sau ɗaya a mako.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ruwa ya fara ɗaukewa, tawul yana bushewa kafin azahar.

Jiya aka yi suna a gidan da ke kallon namu. Tun da ta kwanta Inna ba ta shiga taro ba, takan ce famfas yana tashi a bayan zane, mutane za su gane. Da hantsi ta ce wa jikarta ta ɗauko mata atamfarta mai ruwan goro. Na ɗora ta a kujera tukuna, na sa mata busasshe, na saka wani a jaka da leda. Muka tura ta a keke. Ta yi awa biyu cikin tsofaffi, aka miƙo mata jaririyar ta riƙe da hannun dama ta yi mata addu'a. Aka raba goro ta karɓa ta ƙulle a zane, ta ce na gobe da safe ne. Da aka kawo zoɓo ta sha kofi guda.

Abin da ke gaba: in albashi ya shigo zan yi odar yadi biyu, a ɗinka wando uku, a tsuke ƙafar hagu da inci ɗaya da rabi, a ƙara ɗan shinge mai roba ta ciki a bakin cinya, sai in sake gwada dare a ranakun Juma'a da Asabar da ba ni da makaranta washegari. Tawul huɗu sun fara sirancewa, a nemo madadinsu kafin 'yan gwanjo su tsauwala da shigowar sanyi. Duro ɗaya ƙari don ajiyar ruwa. Hunturu yana sa tawul ya bushe ƙamas kamar soso, zan riƙa murza shi kafin in ninke. Ranar 23 ga wata za mu koma ganin likita, zan tafi da takardar da nake rubuta sau nawa ta yi a fo da sau nawa ta jiƙa.